Yadda ma'aikacin ofis zai kalli fim ɗin zamanin Turawa

Duk wanda ya yini a ofis yana bin sawun fayil ɗin da aka ce yana kan teburin oga, aka ɗauke wuta ana tsakiyar buga takarda, sannan ya tashi aiki ya faɗa cunkoson Kawo ko na titin Ahmadu Bello, ba abin da yake nema da dare sai abin da zai ɗauke masa hankali. Fim ɗin da aka gina a kan zamanin mulkin Turawa yana biyan wannan buƙata, kuma ma'aikaci yana da wata riba a cikinsa wadda sauran 'yan kallo ba su da ita, domin tsarin da yake gajiyar da shi kullum a wancan zamani aka aza harsashinsa.

Ka ajiye waya a wani ɗaki kafin ka zauna, don kada saƙonnin ofis su biyo ka.

Abu na farko shi ne ka gano shekarar da labarin yake ikirarin ya faru, sannan ka riƙa auna abin da kake gani da ita. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Kaduna kuma ba ta zama hedikwatar Arewa ba sai 1917, bayan an taso daga Zungeru. Idan an nuna ciniki, ka dubi kuɗin: wuri ne, ko anini da kwabo masu huda, ko sule da fam? Naira ba ta zo ba sai 1973, kuma har zuwa 1972 motoci hannun hagu suke bi. Wasiƙar sarki ta farkon ƙarni na ashirin da Larabci ko ajami ya kamata a gan ta.

Inda na fi so ka tsaya ka natsu shi ne wajen ƙananan ma'aikata. Masu shirya fim sun fi son haska Razdan da Di'o, wato Turawan mulki masu kula da larduna da yankunansu, da sarki a kan doki, amma kai ka zuba ido a kan akawu da masinja da tafinta, waɗanda takarda da magana suke ratsawa ta hannunsu kafin su isa sama. Tafinta yana iya tausasa zance ko ya zafafa shi, masinja yana iya jinkirta saƙo, akawun baitulmalin En'e kuwa, wato hukumar gargajiya ta sarki, shi ya san inda kuɗin haraji da jangali suka kwana. Ka tambayi kanka ko fim ɗin ya ba su hali da tsoro da buri irin na mutane, ko kuwa an jera su ne kawai a bakin ƙofa suna cewa ranka ya daɗe. A ganina fim ɗin da ya mayar da su kayan ado bai fahimci yadda aka gudanar da mulkin ba, komai kyawun rawunan da ke cikinsa.

Kada ka ɗauki abin da ka kalla a matsayin tarihi sai ka bincika, kuma mutumin Kaduna bai da nisa da inda zai yi haka. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da ɗakin karatu da kayan tarihi, Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon kuma tana riƙe da fayilolin lardunan Arewa. Ka rubuta sunan lardi da shekarar da kake so, ka ware rana guda daga cikin hutunka, ka je ka nemi a fito maka da fayil ɗin, ka karanta bayanan da jami'ai suka rubuta wa juna a gefen takarda.