Yadda na magance cijewar wasan tuƙa jirgin sama

Da na kunna Microsoft Flight Simulator na 2020, hoto sai cijewa yake yi, kamar ana jan jirgin da igiya. Abin ya dame ni, domin katin hotona, wato na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta, GTX 970 ne mai gigabait 4, alhali mafi ƙarancin da wasan ke nema GTX 770 ne mai gigabait 2.

Na leƙa bayan kwamfutar, ashe wayar allo ba a jikin katin take soke ba, tana ramin sama. Shi ya sa ƙaramin injin hoto na cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke ta ɗaukar nauyin shi kaɗai. Na mai da wayar ramin katin, na rage ingancin gajimare zuwa matsakaici. Yanzu fitilun titin sauka tar nake ganinsu.