Duba sarƙar palan da canza ta

A garejin Damagaram, ƙurar hunturu ce ke cin sarƙar palan, wato na'urar ɗaga kaya masu nauyi da sarƙa. Tana haɗuwa da mai ta zama kamar yashi, tana goge ƙarfe a hankali. Kafin ka ɗaga injin mota, ka duba.

1. Sauke kaya, ka wanke sarƙar da kananzir, ta bushe.

2. Bi zobba ɗaya bayan ɗaya, musamman cikin lanƙwasa inda suke gogar juna. Tsagewa, tsatsa mai rami ko zobe da ya miƙe, duk sun isa dalilin canza sarƙar. In kaurin zobe ya ragu da kashi 10 cikin 100, ta gama aiki. Don Allah kar ka kai wa mai walda, zoben da aka gyara da walda yana karyewa ba sanarwa.

3. Sayi sabuwa mai girma ɗaya, mai lamba 80 (lambar ƙarfin sarƙar ɗaga kaya), ba sarƙar ɗaure ƙofa ba.

4. Ɗaura sabuwar a ƙarshen tsohuwar, ka ja sarƙar hannu, wadda ake ja don ɗaga kaya, ta shigar da ita. Waldar zobban tsaye ta kalli waje, ba tayar cikin palan da sarƙar ke bi a kanta ba.

5. Ɗaure ƙarshen ba murɗewa, mayar da ƙugiya, shafa mai, ka gwada da kaya mara nauyi.