Kwamin ruwan zafi a ɗakin jirgin ruwa: a duba kafin a shiga

Jama'a, duk wanda ya kama ɗaki mai kwamin ruwan zafi a baranda cikin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, kada ya ce tunda nasa ne shi kaɗai, tsaf yake. Sau tari na taron jama'a ya fi samun kulawa.

Matsalar tana cikin bututu. Idan ruwa ya kwanta da ɗumin digiri 25 zuwa 45 a ma'aunin Celsius, yauƙi kan taru, ƙwayar Legionella, mai haddasa ciwon huhu mai tsanani, ta hayayyafa a ciki. Ana kunna kumfa sai feshi ya tashi, a shaƙe shi zuwa huhu, har maƙwabcin baranda bai tsira ba. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum 12 da suka kamu a jirage biyu.

Ku tafi da 'yar takardar gwajin ruwa. A kan takardar, kilorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) kada ya gaza 3 ppm, wato kashi 3 cikin miliyan, pH (ma'aunin tsamin ruwa) kuma 7.2 zuwa 7.8. Ku tambayi ma'aikata yaushe aka zubar da ruwan, aka wanke matatar ruwa da bututu. Bango mai santsi ko ruwa mai duhu-duhu, kada ma a kunna.

Masu shekara 50 zuwa sama da mashaya sigari sun fi shiga haɗari. Zazzaɓi da tari cikin kwana 14 bayan shiga kwamin, a garzaya asibiti, a gaya wa likita an shiga kwamin.