Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Ajiye Aikin Albashi a Koma Kwantiragi

Tun da kamfanin Amazon ya umarci ma'aikatansa su riƙa zuwa ofis kwana biyar a mako daga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump kuma ya soke aiki daga gida ga ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka a ranar 20 ga watan, waɗanda suka saba aiki da kwamfuta a ɗakinsu suka fara tunanin ajiye aiki su koma cin gashin kansu. Mazaunin Nijeriya da ke wannan shawara ya kamata ya fara ɗaukar biro da takarda tukuna.

Abu na farko shi ne ya rubuta duk abin da mai aiki, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ke ɗauke masa ba tare da ya lura ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8. Ɗan kwantiragi shi zai tara wa kansa duka. Haka kuɗin asibiti, da hutun shekara, da ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, wadda ba wanda zai biya shi. Sai ya ƙara kuɗin data, da man janareta ko batirin sola, domin wanda ya ba da aiki ba ruwansa da an ɗauke wuta. A kan jimillar wannan ake yanka farashi, kuma duk wanda ya raba tsohon albashinsa da kwana talatin ya ce kuɗin yininsa ke nan, ya karya wa kansa kasuwa.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da samun lambar haraji ba sa ɗaukar dogon lokaci, a yi su da wuri.

Yarjejeniya kuwa lallai ta kasance a rubuce, ta fayyace aikin, da ranar biya, da yawan gyaran da za a yi kafin a sake caji, da kuɗin da za a biya da shi, naira ko dala. Kamfanin Amurka yakan nemi a cike takardar W-8BEN, wadda ke shaida cewa mutum ba mai biyan harajin ƙasar ba ne. Idan kuma kamfani ya ƙayyade lokacin shiga da na tashi, ya hana karɓar aikin wasu, amma ya ce kwantiragi ne, to aikin albashi ne aka cire masa fansho, kuma ya dace a nemi a gyara sharuɗɗan kafin a sa hannu.