Kurakuran da aka fi yi wajen raba kyanwar titi da ƙuma

A Sakkwato ba kasafai ake sayen kyanwa ba. Ita ke zaɓen gida: ta fara leƙowa ta kan katanga, a jefa mata kan kifi, sannu a hankali ta koma kwana bayan ɗakin girki. Ko kuma yara su tsinto 'yar mussa a bakin kwata su shigo da ita cikin kwali. Sai an saba da ita ake lura ba ta da aiki sai susa, gashin gindin wutsiya ya zube, mutanen gida kuma sun fara kuka da ƙaiƙayi a idon sawu. Daga nan ake shiga neman magani, kuma a nan ne ake rasa da yawa daga cikin kyanwoyin, ba don mugunta ba.

Babban kuskure shi ne a ɗauki kyanwa tamkar ƙaramin kare ko 'yar akuya. Hantarta ba ta iya narkar da wasu sinadarai da jikin kare ke jurewa. Mafi haɗari shi ne permethrin, wanda ke cikin magungunan ƙuma da kaska na karnuka da dama. Ɗigo kaɗan a bayanta ya isa ta fara karkarwa, miyau na dalala, ta riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. Haka maganin feshin kaskar shanu irin su amitraz da cypermethrin. Wanda ya saba sayar wa makiyaya magani a wajen kasuwar dabbobi ta Kara zai iya ce maka, "Alhaji, sirka shi da ruwa da yawa, ba komai." Akwai komai. Ka karɓi kwalin ka karanta da idonka, in ba a rubuta cewa na kyanwa ba ne, ko ba hotonta a jiki, ka mayar masa.

Sai abubuwan da ke kusa da hannu: kananzir, baƙin mai, fiya-fiya, Sniper, ruwan Dettol ko Izal. Kyanwa dabba ce mai lasar jikinta wuni guda, don haka duk abin da ka shafa wa gashinta ka ɗura mata ne. Kananzir yana sale fata kuma yana taɓa huhu. Sniper kuwa dichlorvos ne, gubar gona da ba ta dace da ɗakin kwanan mutum ba ma, balle jikin dabbar da ba ta kai kilo 3 ba. Har wa yau kada a ba ta farasitamol don an ga jikinta ya yi zafi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In an riga an shafa mata ɗaya daga cikin waɗannan, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a tsane ta da tawul, a nufi likitan dabbobi nan take. Ɗura mata manja ko madara ba ya karya gubar, sai dai ta shaƙe. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma asibitin dabbobi na jiha.

Abin da ya dace da ita ba shi da wuyar suna. Akwai fipronil, wanda aka fi sani da Frontline, da imidacloprid, da selamectin. Ana sayar da su cikin 'yar robar da ake matsewa sau ɗaya a wata, gwargwadon nauyin dabba, don haka a auna ta tukuna: a sa ta cikin kwando a ɗora bisa sikeli, a cire nauyin kwandon. A buɗa gashin ƙeya har a ga fata, a matse a nan, inda harshenta ba ya kai wa. Da yawa suna zubawa a kan gashi, maganin ya bushe a banza, su ce jabu ne. Ni na fi son selamectin ga wadda ta fito daga titi, domin bayan ƙuma yana kashe ƙwarin cikin kunne da wasu tsutsotsin ciki. Mai kiwon zomo ya kiyaye, fipronil guba ne ga zomaye.

Ƙananan da ba su kai mako 8 ba hukuncinsu daban ne, kuma su ƙuma ya fi yi wa illa. Ɗaga leɓen 'yar mussa ka dubi dasashinta. In ja ne, da sauƙi. In ya yi fari fat, ƙuma ya shanye mata jini, wannan aikin likita ne, ba na gobe ba. Ga masu ƙarfinsu, matsefi mai ƙananan haƙora irin na kwarkwata ya wadatar: a taje, a tsoma matsefin cikin ruwan sabulu, safe da yamma. In dole sai an yi wanka, ruwa mai ɗumi, a busar da ita sarai, musamman da hunturu, don sanyi na kashe su da wuri.

Babbar da ta girma a titi kuwa, kada a fara da wanka ko kaɗan. Ba ta san hannun mutum ba, kamawa da ƙarfi zai ƙare da yakushi, ta tsere ba ta dawo ba. A keɓe mata ɗaki ɗaya ko lungu mai ƙofa, da abinci da ruwa da tasar yashi, a bar ta ta natsu. Lokacin da ta sunkuya kan abinci, ko an lulluɓe ta da tsohon zane mai kauri, ya isa a matsa mata magani a ƙeya. Keɓewar tana da wani amfani: ƙwan ƙuma ba zai watsu ko'ina cikin gida ba.

Wannan ne ma wurin da masu haƙuri ke karaya. Sun sa magani mai kyau, bayan mako biyu ƙuma ya dawo. Ƙuman da kake gani a jikinta bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sauran ƙwai ne da tsutsa da masu kwanci cikin kwanso, a ƙasan tabarma, cikin darduma, a tsagar siminti. Macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, suna gangarowa duk inda kyanwa ta kwanta, na cikin kwanso kuma suna iya jira wata da watanni. Saboda haka sai an jera aƙalla wata 3 ana sa magani ba fashi, kuma duk kyanwa ko karen da ke gidan a yi masa da nasa maganin.

A nan ranar Sakkwato taimako ce babba. Tsutsar ƙuma ba ta jure zafi da bushewa. A fitar da tabarmi da darduma da tsumman da take kwanciya a baza su a tsakar rana, a wanke na wankewa da ruwan zafi, a share ɗaki kullum a ƙone sharar. Inda suke fakewa shi ne wuri mai inuwa da laima: gindin randa, ƙarƙashin gado, bayan buhunan hatsi. Da damina sai an ninka ƙoƙari. A leƙa akurki ma, domin akwai ƙuman kaji da ke maƙalewa jere a gefen kunnen kyanwa da kewayen idonta, ba ya tsalle, har wasu su zaci ƙananan kaska ne.

Mai shakkar ko ƙuma ne ya taje ta a kan farar takarda mai laima. Baƙin garin da ya zubo, in ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne. Wadda ta yi fama da ƙuma kuma sau da yawa tana da tsutsar ciki mai faɗi, don wajen lasa take haɗiye ƙuman da ke ɗauke da ita. Za a ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Maganinta praziquantel, maganin ƙuma ba ya taɓa ta. Kada a rarake kunnenta da tsinke don an ga baƙin datti. In gashi ya zube a zagaye yana ɓarewa, mai yiwuwa makero ne, yana kama yara, a hana su rungumarta har likita ya duba. Matar gida mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwar.

Kada a raina cizo ko yakushi don raunin ƙarami ne. Kyanwar da ba a san tarihinta ba tana iya ɗaukar cutar haukan kare. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ita kuma kyanwar a yi mata allurar rigakafin cutar da zarar ta kai wata 3.