Yadda Ake Shirya Hutun Iyali da Yara a Tsibiran Ƙasashe Masu Zafi

Duk wanda ya yi niyyar kai iyalinsa hutu tsibiri, ya fara duba autan gidan kafin ya duba hotunan otal, domin ƙarfin ƙaramin yaro shi ne ma'aunin tafiyar baki ɗaya. Wurin da ya dace da ango da amarya ba lallai ne ya dace da mai goyo ba.

Da farko a tsayar da lokaci, saboda kowane tsibiri da daminarsa. A Zanzibar ruwan sama ya fi yawa daga Maris zuwa Mayu, a tsibiran Maldibi da ke tekun Indiya kuwa rani yana kamawa daga Disamba zuwa Afrilu. Tsibirin Moris, wanda shi ma yake tekun Indiya, yana fuskantar guguwar teku tsakanin Nuwamba da Afrilu, yayin da lokacin guguwa a tsibiran Karibiyan yake farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba. A kuma tambayi yadda ake isa masauki bayan saukar jirgi, domin yawancin otal-otal na Maldibi sai an ƙara shiga jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan teku, wanda ba ya tashi da dare.

Batun takardu ba shi da wuya idan an fara da wuri. Kowane yaro, har jariri, yana buƙatar fasfonsa, kuma ƙasashe da dama suna son ya rage masa aƙalla wata 6 kafin wa'adinsa ya ƙare. A je wurin likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya, a tambaye shi game da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar cutar shawara, wadda takardar shaidarta ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta.

Abin da ya fi cancantar natsuwa shi ne zaɓen gaɓar da yara za su yi wasa a kai, kuma a nan ne nake ganin iyaye sun fi yin sakaci. A nemi wurin da duwatsun murjani na cikin ruwa suka kange teku, ruwan ya kwanta, kamar yadda ake samu a gaɓoɓi da yawa na Moris. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye ya yi nisa sannan ya dawo bayan 'yan sa'o'i, saboda haka a san jadawalin cika da janyewarsa, a kuma sa wa yara takalmin roba don gudun halittun teku masu ƙaya. A Nungwi da Kendwa da ke arewa janyewar ba ta kai haka ba. Jar tuta a bakin teku tana nufin kada a shiga. Yaron da yake nutsewa ba kasafai yake ihu ba, don haka a ɗora wa babba guda ɗaya alhakin sa ido a kowane lokaci, ya ajiye waya, ya tsaya inda hannunsa zai iya kaiwa ga yaron, sannan ya faɗa da baki idan zai miƙa aikin ga wani. Robar da ake hura wa iska abin wasa ce kawai. Idan za a hau kwale-kwale, a nemi rigar ceto daidai jikin kowane yaro kafin a biya kuɗi. Manyan yara kuwa a koya musu cewa idan igiyar ruwa ta ja su ciki, kada su yi kokawa da ita, su yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har su fita daga cikinta.

Rana ta fi ƙuna daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma tana ƙona baƙar fata ma. A shafa man kariya daga rana mai lambar SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 ko fiye, a sake shafawa bayan kowace sa'a 2 da kuma bayan fitowa daga ruwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba a bar shi a inuwa da hula da riga mai dogon hannu. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin denge da rana yake cizo, saboda haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da maganin sauro na shafawa.

A cikin jakar hannu a ajiye ƙunshin gishiri da sukari na maganin gudawa, da maganin zazzaɓi na yara, da kayan sauyawa. A ba su ruwan kwalba akai-akai. Fita ɗaya a rana ta wadatar, da sassafe ko bayan la'asar, a bar tsakar rana don abinci da barci.