Yadda ake haɗa ƙaramin tankin murjani na ruwan teku a Zariya, a raine shi kafin a saka kifi

Wanda ya saba kiwon tarwada a bayan gida ya san kifi ce mai juriya. Ruwa ya yi datti, iska ta yi ƙaranci, sai ta leƙo sama ta shaƙi numfashi ta koma. Halittun da ke zaune cikin murjani ba haka suke ba. Sun fito ne daga wurare irin gaɓar Bahar Maliya, kusa da Jidda, inda ruwa yake garau, gishirinsa da zafinsa ba sa sauyawa farat ɗaya. Shi kansa murjanin dabba ce mai rai, kuma a cikin jikinsa akwai wata mitsitsiyar gansakuka da ke amfani da haske ta samar masa abinci. Idan zafi ya wuce kima sai ya kore ta, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Aikinka shi ne ka riƙe lita 60 zuwa 80 na ruwa a hali guda dare da rana, a garin da Afrilu ke gasa mutane, Janairu kuma ke sa su jin wuta da asuba.

Gaɓar tekunmu ba ta da irin wannan murjanin, saboda laka da ruwan daɗin da kogin Neja da sauran koguna ke kwararawa. Kusan komai daga waje ake shigo da shi, ya sauka Legas, sannan ya hauro Arewa. Asara a wannan harka tana da tsada, shi ya sa nake so ka bi matakan nan a jere.

Fara da wuta da wuri

Kafin ka sayi gilashi ko ɗaya, ka warware batun lantarki. Idan aka ɗauke wuta ruwa ya tsaya cik, iskar cikinsa kan ƙare cikin 'yan sa'o'i, musamman da zafi, kuma kifi da ƙwayoyin bakteriyar da za mu raina duk da ita suke numfashi. Abin farin ciki shi ne kayan ba sa jan wuta sosai: ƙaramin injin juya ruwa wat 5 zuwa 10 ne, fitila wat 20 zuwa 30. Ƙaramar inbata da batir, ko sola in akwai, za su ɗauki injin har gari ya waye. Fitila na iya kwana biyu a kashe ba abin da zai faru, amma injin juya ruwa kada ya tsaya. Ka kuma ajiye injin busa iska mai amfani da batir don ko-ta-kwana. Wanda bai da halin wannan tanadin, shawarata ya dakata tukuna.

Ɗakin da ya fi sanyi a gidan shi ne na tanki, nesa da taga mai rana, ba kuma wanda kwano ke dafawa da tsakar rana ba. Akwai abin da littattafan waje ba sa kawowa amma mu ya shafe mu kai tsaye: maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa yawancinsu guba ce mai ƙarfi ga kifi da jatan lande, ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa. A ɗakin tanki gidan sauro za a rataya. Turaren wuta ma a kai shi wani ɗakin. Ka zauna da mutanen gida ka yi musu wannan bayanin tun ba a zuba ruwa ba.

Teburin ya zama mai ƙwari kuma a daidaice, don tanki mai lita 60 in ya cika da dutse da yashi zai kusa kilo 90. Soket ya kasance sama da inda ruwa zai iya ɗiga, ruwan gishiri da lantarki ba a wasa da su.

Tanki, dutse da yashi

Masu aikin gilashi na gari za su iya haɗa maka tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 36, da gilashi mai kaurin milimita 6. Ka tsaya a kai su yi amfani da silikon zalla, ba irin na banɗaki da ake sa wa maganin funfuna ba. A bar shi ya bushe sarai, a cika da ruwan famfo a tsakar gida a ga ko yana yoyo. Kada ƙarfe ya taɓa ruwan ko ta ina. Jan ƙarfe musamman yana kashe murjani da dodon koɗi. Ƙasa da lita 40 ban ba mai farawa shawara ba, don ruwa kaɗan ya fi saurin sauya hali.

Dutse shi ne matatar tankin ta gaskiya, a cikin ramukansa bakteriya za su zauna. Dutsen Kufena da ire-irensa na ƙasarmu ba su dace ba, a cure suke ba ramuka. Wanda ake so shi ne busasshen dutsen teku mai sauƙin nauyi da ƙofofi, na aragonayit, wato ma'adinin da murjani ke gina ƙashinsa da shi, kimanin kilo ɗaya ga kowace lita 10. In kana shakka, ɗiga masa ruwan khal: na gaske zai yi kumfa. Yashi ma na aragonayit, santimita 2 zuwa 3 ya isa, a wanke shi har ruwa ya washe. Yashin kogin Kubanni ko Galma a bar wa magina. A jera duwatsun a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi don kada su zame, a bar sarari ruwa ya ratsa ta bayansu.

Ruwa da gishiri

A nan mutane da yawa ke yin sake. Ruwan famfo yana da kulorin, na rijiya da burtsatse kuma na ɗauke da ma'adanai da ragowar taki waɗanda ke ciyar da gansakuka har ta rufe tanki. Ruwan da ake buƙata shi ne wanda ya bi ta na'urar tacewa ta RO, wadda ke cire kusan duk abin da ya narke a cikin ruwa. Ka sayi ɗan ma'aunin TDS mai kamar biro, wanda ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Sifili shi ne buri, ƙasa da 10 za a iya farawa da shi. In za ka kafa taka na'urar, ka sani tankin saman gida ba ya ba ta matsin da take so, sai an haɗa da injin ƙara ƙarfi. Wata hanyar ita ce ka je masana'antar fiya wata da ke da irin wannan na'ura, ka roƙi a ɗebar maka a jarka daga bakinta, ka auna a gabansu.

Gishirin girki ba ya yi. Ruwan teku ban da gishirin da muka sani yana da maganiziyam, kalsiyam, fotasiyam da sauransu, kuma da kalsiyam ɗin murjani ke gina ƙashinsa. Sai gishirin da aka haɗa don wannan aiki, irin su Instant Ocean ko Red Sea. A cika bokiti da ruwa tukuna sannan a riƙa barbaɗa gishiri ana juyawa, kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, wato wajen giram 700 zuwa 760 a jarka mai lita 20. A bar injin ya kwana yana juya shi. Da safe a auna da rifraktomita, wato ma'aunin gishirin ruwa, a nemi 1.025 zuwa 1.026, wanda ya yi daidai da kashi 35 cikin dubu. In ya yi, a zuba a tanki a kan faranti don kada yashi ya tashi, a kunna injin da zai juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a sa'a. Ruwan zai yi fari kwana ɗaya ko biyu, zai kwanta da kansa.

Rainon tanki

Yanzu tankin ya yi kyau a ido, kuma yanzu ne hannu zai fara ƙaiƙayin sayen kifi. Kada ka saya. Kifi yana fitar da amoniya ta matsefinsa da kashinsa, kuma a ruwan teku ta fi illa saboda ruwan ba mai tsami ba ne. A tankin da ya nuna, wani rukunin bakteriya yana mayar da amoniya naitirayit, wanda ake rubutawa NO2 a jikin kwalbar gwaji, wani rukunin kuma ya mayar da shi naitiret, wato NO3, wanda illarsa kaɗan ce kuma ana rage shi da canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawan da zai isa. Rainon shi ne ka ciyar da su har su yaɗu a dutse da yashi, ba tare da ka sa rai mai numfashi ya sha wahala ba. Akwai masu jefa kifi ɗaya mai tauri su ce shi zai tayar da tankin. Ban yarda da wannan ba, azabtar da dabba ne a kan abin da hoda ta 'yan kuɗi kaɗan za ta yi.

Hodar ita ce amoniyam kulorayid, ana samunta a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje. Ga lita 60, abin da bai kai rabin giram ba ya isa ya kai amoniya 2 a ma'aunin ppm, wato kashi 2 cikin miliyan. Narka shi a kofin ruwa, zuba rabi, jira sa'a guda ka auna, sannan ka ƙara har ka kai 2. Kada ka wuce 5, yawanta na dakushe ƙwayoyin da kake son su yaɗu. In hodar ba ta samu ba, ɗan tsunkule na abincin kifi kullum zai ruɓe ya ba da amoniya, sai dai ba za ka san adadinta ba sai ka auna. Bakteriya na kwalba da ake sayarwa suna gajarta jira, amma rayayyu ne, kwalbar da ta kwana cikin zafin babbar mota daga Legas tana iya isowa a mace. Ɗan guntun dutse daga lafiyayyen tankin wani, a ɗauko shi cikin ruwa, ya fi tabbas.

Daga nan sai awo duk bayan kwana biyu ko uku, a rubuta a littafi da kwanan wata. A duba launin kwalbar gwaji a hasken rana, ba a ƙarƙashin shuɗiyar fitila ba, a kuma duba ko maganin gwajin bai wuce wa'adi ba. Yawanci a mako na farko zuwa na biyu amoniya za ta fara sauka, NO2 ya tashi. Zai iya tsayawa a sama kwanaki har ka ɗauka abin ya lalace. Bai lalace ba, rukuni na biyu ne ya fi jinkirin yaɗuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Can sai ka ga NO2 ya faɗi, NO3 ya bayyana. Da busasshen dutse kaɗai, a sa ran mako 4 zuwa 6.

A duk wannan lokacin fitila a kashe, ba a canza ruwa, ba a kashe injin, kuma ba a wanke dutse ko soson matata da ruwan famfo. Abu ɗaya ake ƙarawa: ruwan da ya tsotse. Kamar miya ce a kan wuta, ruwa ke tafiya gishiri ya zauna. Saboda haka a yi alama a jikin gilashi, kullum a cike zuwa alamar da ruwan RO marar gishiri. Da hunturu iskar Zariya busasshiya ce ƙwarai, ranar da aka manta, awon gishiri zai haura. A kuma rufe saman da raga ko murfi mai ƙofofi saboda ƙura.

Jarrabawar ƙarshe: a sake kai amoniya 1 zuwa 2. In bayan sa'a 24 amoniya da NO2 duk sun koma sifili, tanki ya nuna. Sai a canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan don NO3 ya sauka.

Zafin ruwa ake so ya zauna tsakanin digiri 24 da 27. Da hunturu hita mai wat 50 zuwa 75 za ta riƙe dare. Bazara ce matsalar. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku a watan Maris da iska ke bushe, amma in gumi ya shigo gab da faɗuwar damina ƙarfinta kan ragu, sai an haɗa da robar ƙanƙara a rufe tana yawo a ruwa, ko na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya sa na fi son a fara raino cikin damina, Yuli ko Agusta, tanki ya yi wata shida yana ƙarfi kuma kai ma ka san halinsa kafin zafi ya zo.

Halittun farko

Da an kunna fitila, sa'a 6 da farko har a kai 8 zuwa 10, wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Kusan kowane sabon tanki sai ya yi ta, kuma takan wuce. Lokacin ne za a sa dodon koɗi na teku uku ko huɗu. Bayan mako ɗaya ko biyu a kawo kifi. Ga tanki irin wannan, biyu daga ɗan kifin nan ruwan lemo mai fararen ɗamara uku, Amphiprion ocellaris, sun isa, kuma a nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona don sun fi juriya. Shuɗin kifin da kowa ke sha'awa, Paracanthurus hepatus, yana kusan kai santimita 30, ba na ƙaramin tanki ba ne.

Kifin da ya yi doguwar tafiya amoniya ta taru a ledarsa, kuma da an buɗe iska ta shiga sai gubarta ta ƙaru. A bar ledar a rufe tana yawo a tanki minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, a auna gishirin ciki, in bai yi nisa da na tanki ba a cire kifin kawai a saka, ruwan leda a zubar. Abinci kaɗan, wanda za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu.

Murjani sai bayan wata guda da kifi lafiya. A fara da masu taushi, irin Discosoma mai kama da laimar kwaɗi da Sarcophyton, a riƙa canza kashi 10 cikin 100 na ruwa kowane mako. Masu ƙananan furanni da ake kira Zoanthus da Palythoa ma suna da sauƙin riƙo, sai dai wasunsu na ɗauke da dafi mai haɗari ga mutum. A sa safar hannu in za a taɓa su, a kare ido, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, a hana yara sa hannu a tanki. Dutsen da suka taɓa zama a kai kada a kuskura a tafasa shi ko a zuba masa ruwan zafi, don tururinsa ya taɓa kwantar da iyalai a asibiti a ƙasashen waje.